Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Tsofaffin Hotunan Manyan Ayyuka

Gini idan ya tsaya, kullum yana nan ana ganinsa. Amma kamanninsa lokacin da ake haƙa harsashi, da leburorin da suka ɗauki ƙasa a ka, wannan sai a hoto. Shi ya sa hoton aikin da ba a gama ba ya fi na ranar yanke ƙyalle daraja.

Ku duba hotunan shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro, wadda ta iso Kano a 1911. Turawan mulki ne suka ɗauke su don nuna wa Ingila cewa aiki na tafiya, saboda haka Bature ne a gaba, sunansa a ƙasa. Ku bar shi, ku leƙa bayansa: mutane ne jere da kwanduna da diga, da dama an kawo su ne aikin tilas ta hannun hakimai da dagatai, ba kuma wanda ya rubuta sunansu. In kun ga wani ya yi dishi-dishi kamar inuwa, ba lalacewa hoton ya yi ba. Kyamarar wancan zamani takan ɗan jima kafin ta kama hoto, wanda duk ya motsa sai ya dushe.

A nan gida muna da namu. Madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Karaye, wadda aka kammala a 1992, tsayinta mita 42, tsawonta kusan kilomita 8. Hoton da aka ɗauka ana tsakar aikinta ya kama abin da ido ba zai sake gani ba: gonaki, fadamu da tsofaffin matsugunan da ruwa ya shanye. Ga iyalan da aka tayar, wannan ba hoton tifa da katafila ba ne kawai, shaidar inda kakanni suka zauna ce.

Irin waɗannan hotuna suna nan cikin akwatunan tsofaffin direbobi da birkiloli a Karaye da Rogo, gara da laima na cin su. Wanda ke da su ya fito da su tun dattawan da za su gane fuskoki suna raye. A rubuta suna da wuri da shekara a baya da fensir, ba da biro ba, don tawada na hudowa. A ɗauke su da waya, a ba 'yan'uwa su ma su ajiye.