Ramuwar gayya da Turancin jarrabawa

Da yawanmu a wannan makaranta ba kalmomin Turanci muka rasa ba. Abin da ke kayar da mu a GNS 101 da rahoton SIWES shi ne ƙananan kalmomin da ke ɗaure jimla da jimla, irin su although, however, unless da therefore. Sai ka ga ɗalibi ya san abin da yake son faɗa sarai, amma rubutunsa kamar bulo ne aka jera ba siminti.

Ni dai da fim mai dogon zango nake koyonsu. A garinmu Kaikai, cikin ƙaramar hukumar Kusada, in an yi hutu ba ka rasa matasa a shagon caji suna turo sabon kashi na Labarina na Aminu Saira ko Izzar So na Lawan Ahmad, waɗanda suka fara fitowa a 2020. Ka saurari wani yana ba abokinsa labarin kashin da ya wuce shi: "saboda", "duk da haka", "ana cikin haka", "sai dai in". Ko ɗaya ba ya kuskurewa. Ashe dabarar tana kanmu, sauya mata riga kawai ya rage.

Labarin ramuwar gayya ya fi kowanne dacewa, don ba abin da ke faruwa a cikinsa haka siddan. Kowane mataki yana da dalili, yana da sakamako, ga kuma fuska biyu: murmushi a baki, wuta a ciki. Amurkawa ma sun yi shekara huɗu, daga 2011 zuwa 2015, suna kallon Revenge a tashar ABC, labarin yarinyar da ta dawo da sabon suna don ta rama wa mahaifinta sharrin da aka ƙulla masa.

Mu ɗauki namu na gida. Baffa ya cinye gonar marainiya, ta girma, ta shiga kamfaninsa aiki ba tare da ya gane ta ba. A Hausa sai mu ce: duk da ya ci amanarta, amma kullum tana gaishe shi. Daidai ne. To, a nan ramin yake, don Turanci ba ya yarda although da but su zauna a jimla ɗaya. Ɗaya za ka zaɓa: "Although he betrayed her, she greeted him every morning." Haka because da so, kishiyoyi ne, ba sa kwana ɗaki guda. Shi kuma despite suna yake bi, ba cikakkiyar jimla ba, kuma ba ya ɗaukar of: "Despite his betrayal, she stayed." In kana son of, sai ka koma in spite of.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne "sai". Ranar da asiri ya tonu, marainiya ta ce: ba zan yafe ba sai ka dawo da gonar. Me take nufi? In tana da tabbacin zai dawo da ita, lokaci kawai take jira, until ne. In kuwa sharaɗi ta gindaya, ya yi ko ya bari, unless ne. Kalma ɗaya a wurinmu, biyu a wurinsu, kuma malamin da ke duba takarda yana ganin bambancin.

However kuwa ba but ba ce da za ka liƙa bayan waƙafi. Aya za ka sa, ka fara sabuwar jimla: "He offered her money. However, she wanted the farm." Meanwhile ita ce lokacin da kyamara ta bar ofis ta koma ƙauye, wato "a can kuma". Moreover, wadda wasunmu ke yayyafawa kamar yaji don a ce sun iya Turanci, ba ta da wuri sai in hujja ta biyu kake ɗorawa kan ta farko.

Ga yadda nake yi. Da na gama kallon kashi ɗaya, sai in rubuta gajerun jimloli shida na abin da ya faru, da Turanci mai sauƙi. Sannan in haɗa su bibbiyu, kowace haɗuwa da kalmarta daban, ba maimaici. Minti goma ya isa. In ina tare da abokin ɗakina, ni nake faɗin rabin farko, "She forgave his children, whereas", shi kuma ya ƙarasa. In ya ƙarasa da abin da bai saɓa wa na farko ba, ya faɗi, shi zai sayi shayi.

Daga nan sai ka cire baffa da gona, ka sa kayan sashenka. Ɗan injiniyan gine-gine zai rubuta: "Although the concrete was cured for 28 days, it failed the test." Ɗan akanta kuma: "The payment will not be approved unless the receipt is attached." Gwada da kashin wannan makon, ka kai wa malamin GNS ɗinku jimlolin ya duba maka kafin jarrabawar zango.