Rufe Kasuwa ko Gyara Ta: Hanyoyi Biyu na Tare Cutar Dabbobi

Tun da cutar korona ta girgiza duniya a 2020 ake muhawara a kan kasuwannin da ake cinikin namun daji, kuma masu magana sun rabu gida biyu. Wasu sun ce a haramta cinikin baki ɗaya, a garƙame kasuwar, kowa ya huta. Wasu sun ce a bar kasuwa ta ci, amma a kafa mata ƙa'ida, a sa mata ido. Kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi, don haka ya dace a auna su biyun a ƙasar da muka sani, wato karkarar arewacin Kano, daga Bichi da Tsanyawa da Kunchi zuwa Dambatta da Makoda da Minjibir.

A wannan yanki gona tana jikin gona, ƙauye yana hango ƙauye, babban daji irin na Falgore kuwa yana can kudu. Abin da 'yan farauta suke samowa da rani bai wuce zomo, gafiya, kurege, bushiya, damo da makwarwa ba. Amma duk wanda ya shiga layin 'yan kaji a kasuwar Dambatta ranar Lahadi zai ga inda maganar take. Kwando a kan kwando, kaji a ƙasa, tattabaru a sama, zabi da agwagi a gefe, kashin na sama yana zuba kan na ƙasa. Mai fiɗa yana aiki da ruwa ɗaya tun safe, abin da bai samu mai saye ba kuma da yamma a mayar da shi akurkin gida. Agwagwar da aka kawo wataƙila jiya tana iyo tare da tsuntsayen ci-rani a madatsar ruwa ta Thomas ko ta Watari.

Ta fuskar sauri, haramci ba shi da na biyu. Bayan ɓullar korona, hukumomin Sin sun rufe kasuwar Huanan ta birnin Wuhan ranar 1 ga Janairun 2020, sannan ranar 24 ga Fabrairu majalisar ƙasar ta hana cin namun daji na tudu. A Hong Kong, lokacin da murar tsuntsaye ta kama mutum 18 ta kashe 6 a 1997, an yanke hukuncin kashe kaji fiye da miliyan guda cikin 'yan kwanaki, kuma cutar ta tsaya. Doka irin wannan gajera ce, ɗan sanda ya gane ta, mai unguwa ya gane ta, ba ta buƙatar dogon bayani.

Dokar tsari kuwa tafiyar hawainiya take yi, amma tana daɗewa. Ita Hong Kong ɗin, bayan ta kashe kajin, ba ta bar kasuwanninta a rufe ba. A 2001 ta sa ranar hutu a kowane wata, inda ake kwashe tsuntsaye a wanke rumfuna, a 2008 kuma ta hana kaza mai rai kwana a rumfar mai sayarwa. Waɗannan ƙa'idoji sun rage yawan ƙwayar cutar a kasuwa. Sai dai sun ci shekaru, sun ci kuɗi, sun ci ma'aikata.

Ta fuskar aiwatarwa, haramci yana da sauƙi a takarda, yana da wuya a ƙasa. Najeriya ba ta rasa dokoki ba. Akwai dokar namun daji ta tsohuwar Jihar Arewa ta 1963, akwai doka mai lamba 11 ta 1985 da ta hana fataucin dabbobin da ke neman ƙarewa, wadda aka tsananta tararta a 2016. Duk da haka kan ungulu da fatar dabbar da aka haramta ba su ɓace daga shimfiɗar masu maganin gargajiya ba. A Gini da Saliyo, da aka hana naman daji lokacin cutar Ebola ta 2014, masu bincike sun gano cewa cinikin bai mutu ba, bayan gida ya koma, inda ba mai gani balle ya duba.

Tsari ma yana da nasa raunin a nan. Dokar daƙile cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, ta bai wa likitan dabbobi ikon dubawa da killacewa, amma kasuwannin ƙauye sun fi likitocin yawa nesa ba kusa ba. Ƙa'idar da ba mai tsaron ta tana iya zama hanyar karɓar na goro kawai. Abin da ya ɗan ɗaga wannan ɓangare shi ne, kasuwar Hausa ba ta taɓa zama marar shugabanci ba. Akwai sarkin kasuwa, akwai sarkin pawa, akwai shugaban 'yan kaji da dillalansa, ga dagaci da hakimi a bayansu. Addini ma ya riga ya haramta mushe, kuma mahaucin da aka kama da shi ya gama sana'a a garin. Haramci yakan tsallake waɗannan mutane, tsari kuwa ba ya tafiya sai da su.

Ta fuskar adalci, masu son haramci suna cewa ran al'umma ya fi cinikin mutum ɗaya, kuma gaskiyarsu ce. Sun ƙara da cewa ungulun da ake kashewa don asiri ita ce mai share mushe daga bayan gari, kuma tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa a duniya. Wanda ya sayar da kanta ya ci ribar kwana ɗaya, gari ya yi asarar shekaru. Masu son tsari kuwa suna nuna matar aure a ƙauyen Kunchi wadda kaji biyar da zabi uku su ne asusunta: da su take sayen magani, da su take zubin adashi, da su take haɗa kayan ɗakin 'yarta. Ranar da aka rufe layin 'yan kaji, mai babbar gona yana da motar da zai kai nasa wani wuri, ita kuwa ba ta da kowa sai yaron da take aikawa da kwando.

Akwai kuma batun da ya fi duk waɗannan nauyi: wa zai fara kawo labari? A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, kuma kafin a ankara ta bayyana a gonakin Kano. Gwamnati ta kashe kaji, ta yanka diyyar naira 250 a kan kowace, kuɗin da bai kai farashin kasuwa ba. A farkon 2015 cutar ta dawo, Kano kuma tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Lissafin mai kaji a bayyane yake. In ya san cewa kai rahoto yana nufin a kashe masa dukiya a ba shi abin da bai taka kara ya karya ba, ko a bar shi yana jiran diyya wata da watanni, to da ya ga kaza ta fara gyangyaɗi, zai ce wa ɗansa: "Maza kai su kasuwa kafin gari ya waye." Tsoron hukunci yana rufe baki, ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na Vom kuwa ba ya gwada abin da ba a kai masa ba. Masu haramci za su amsa cewa in ba tsoron hukunci, wasu ba za su taɓa kai rahoto ba ko an biya su ninki biyu. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Wani abu kuma ya kuɓuce wa hanyoyin biyu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ɓera ne yake ɗauke da shi, ɓeran kuwa ba ya zuwa kasuwa a kwando. Yana rumbu, yana kicin, yana bin shanyar da aka baza a bakin titi, yara kuma suna haƙo shi a gona bayan girbi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: hatsin da aka bari a buɗe shi yake gayyato shi. Nan aikin duba-gari ne da malamin asibiti da limamin unguwa, ba na mai rufe kasuwa ko mai gyara ta ba.

In an tattara duka, sikelin bai faɗi gefe ɗaya ba, amma ya rinjaya. Haramci yana da wurare biyu da ba abin da zai maye gurbinsa: fataucin dabbobin da ke neman ƙarewa da namun daji masu rai da ake ɗaukowa daga nesa, sai kuma kwanakin da annoba ta riga ta ɓarke, inda rufe layi ɗaya na mako biyu ya fi asarar shekara. A sauran ranakun Allah kuwa, tsari ne ya dace da arewacin Kano, domin haɗarinmu yana inda na daji da na gida suke cuɗanya, kuma wannan wuri ba ya rufuwa da kwaɗo. Dokar da Majalisar Dokokin Jihar Kano za ta yi wa talakan Makoda amfani da ita ita ce wadda za ta raba rumfar kaji da ta agwagi da ta naman daji, ta kawo ruwa da daɓen siminti wurin fiɗa, ta sa ranar wanke kasuwa, ta ba sarkin pawa da shugaban 'yan kaji matsayi a rubuce, ta kuma ware kuɗin diyya a kan farashin kasuwa tun kafin cuta ta zo. Ranar da mai kaji ya tabbata cewa faɗin gaskiya ba zai talauta shi ba, shi da kansa zai riga kowa zuwa wurin likitan dabbobi.