Ruwa a Ƙirji: Abin da Mai Jinya Zai Kula da Shi

Jama'a, idan an tura ɗan'uwanku Babban Asibitin Ƙasa na N'Djamena aka ce ruwa ya taru masa a ƙirji, kada ku firgita. Ruwan yana taruwa ne tsakanin huhu da haƙarƙari, ya danne huhun har numfashi ya yi wuya. Yawanci tarin fuka, limoniya ko ciwon zuciya ke kawo shi.

Likita zai zuƙe ruwan da allura, ko ya sa roba a gefen ƙirji ya riƙa zuba cikin kwalba. Ku kiyaye:

1. Kwalbar ta zauna ƙasa da ƙirji kullum. In aka ɗaga ta, ruwan zai iya komawa ciki.
2. Kada robar ta lanƙwashe ko a ja ta.
3. A jingina majinyaci da matashi, kada ya kwanta flat.
4. In numfashi ya tsananta, jiki ya yi zafi, ko robar ta fita, a kira nas nan take.

Ban da ƙaho ko sakiya. In tarin fuka ne, maganin wata 6 ne, ko an ji sauƙi kada a daina. Wanda bai jin Faransanci ko Larabci ya nemi tafinta.

Allah ya ba su lafiya.