Ɗan Zanzaron da Ya Ceci Mangwaron Afirka ta Yamma

Dukanmu mun san zanzaro, mai gina ɗakin laka a kusurwar soro, ya jawo tsutsa ya ajiye wa 'ya'yansa guzuri. Yana da wasu dangi da girmansu bai wuce ƙwayar gero ba. Ba sa gini, ba sa harbin mutum, amma masu lambu na cin moriyarsu ba tare da sun sani ba.

A farkon shekarun 1980 wani farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga, wanda masana ke kira Rastrococcus invadens, ya ɓulla a Togo da Ghana, daga nan ya bazu zuwa Benin da Nijeriya. Asalinsa Asiya ne, kuma ya iso yankinmu babu abokan gabarsa. Yakan tsotse ruwan ganyen mangwaro da lemu, ya zubar da darɓa, baƙar fumfuna ta lulluɓe ganyen, bishiya ta kasa yin 'ya'ya. Feshi bai magance shi ba, domin itatuwan dogaye ne, jikinsa kuma na rufe da wani abu kamar kakin zuma.

Sai masana suka koma inda ƙwaron ya fito. A Indiya suka samo ɗan zanzaro mai suna Gyranusoidea tebygi, aka sake shi a Togo a 1987, cibiyar binciken noma ta IITA ta yaɗa shi zuwa maƙwabta. Macen takan soka ƙwanta cikin jikin ƙwaron tun yana ƙarami. Tsutsar ta ƙyanƙyashe, ta cinye shi daga ciki, gawarsa ta bushe ta yi tauri, sabon zanzaro ya huda ta ya fito. Cikin 'yan shekaru annobar ta lafa, mangwaro ya dawo kasuwa.

Abin lura gare mu shi ne, maganin feshi ba ya bambance ɓarawo da mai gadi, kuma ɗan zanzaron ya fi saurin mutuwa. Kafin mu ɗauki famfon feshi a gida ko a lambu, mu juya ganye mu duba. Idan mun ga busassun ƙwari masu ɗan rami a jiki, mai gadin na bakin aikinsa. Mu tuntuɓi malamin gona tukuna, kada garin neman gira mu rasa ido.