NA'URAR DA KE SASSAƘA DA LAMBOBI: DAGA MASANA'ANTAR JIRAGEN SAMA ZUWA GAREJIN GIDA

A ƙasar Amurka da waɗansu ƙasashen Turai akwai wata al'ada da ta daɗe, watau ma'aikaci ya ware ɗaki guda a gidansa, ko ya share gefen garejin motarsa, ya ajiye zarto da guduma da sauran kayan kafinta. Idan ya taso daga ofis, ko kuwa ranar hutu ta zo, sai ya shiga ya yi ta ƙera tebur da kujera da akwati don sha'awa kawai. A cikinsu akwai malaman makaranta da akawuna da likitoci da waɗanda suka yi ritaya. Yau shekara talatin ke nan ko kusan haka da wata baƙuwa ta fara shiga irin waɗannan ɗakuna. Na'ura ce wadda ake zana mata abu a kwamfuta, ita kuwa ta yanka katako ta fitar da shi daidai da zanen, ba tare da hannun mutum ya riƙe ta ba. Ana kiranta CNC, haruffa uku na Turanci da ke nufin sarrafa na'ura da lambobi ta hanyar kwamfuta.

Zuwan wannan baƙuwa ya ta da muhawara wadda har yanzu ba ta kwanta ba. Waɗansu suna cewa ta buɗe ƙofar sana'a ga wanda da can ba shi da hanyar shiga, waɗansu kuwa suna ganin wanda ya danna maɓalli ya koma gefe bai cancanci a kira shi kafinta ba. Kafin mu duba wannan gardama, ya kamata mai karatu ya san inda na'urar ta fito da yadda take aiki.

ASALINTA

Ba domin katako aka ƙirƙiro ta ba. A ƙarshen shekarun 1940 akwai wani mai masana'anta a garin Traverse City ta Jihar Mishigan, sunansa John Parsons, wanda kamfaninsa ke ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu. Shi da injiniyansa Frank Stulen suka riƙa amfani da injin lissafi mai aiki da kati mai huje-huje, suna fitar da lambobin da ke nuna wuraren da za a yanka, ma'aikata kuwa suna juya hannun injin yanka bisa ga waɗannan lambobi. A shekarar 1949 Rundunar Mayaƙan Sama ta Amurka ta ba shi kwangila ya ci gaba da binciken, kuma aikin ya kai ga babbar makarantar fasaha ta MIT. A can ne a 1952 aka nuna injin yankan ƙarfe wanda ke karɓar umarni daga tef na takarda mai huje-huje, yana tafiya da kansa. A 1985 Shugaba Ronald Reagan ya ba Parsons da Stulen lambar yabo ta ƙasa a fannin fasaha saboda wannan aiki.

Shekaru da yawa bayan haka irin waɗannan injuna ba su bar manyan masana'antu ba, domin kuɗinsu ya fi ƙarfin mutum ɗaya, girmansu kuwa ya fi ƙarfin ɗaki.

YADDA TAKE AIKI

Wadda ake ajiyewa a gida tebur ce shimfiɗaɗɗiya, da wata gada da ta ratsa samanta. A jikin gadar an ɗaure inji mai juya ɗan haƙorin yanka, wanda a yawancin na gida yakan zagaya sau 10,000 zuwa 30,000 a minti guda. Haƙorin yana da hanyoyin tafiya uku: hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa. Masu lissafi suna kiransu X da Y da Z, kamar dai yadda ɗalibai suka san su a darasin zanen jadawali. Kowace hanya tana da ƙaramin injin da ke tura ta taki-taki. Irin wanda aka fi amfani da shi yakan yi taki 200 kafin ya kammala zagaye ɗaya, saboda haka ana iya gaya masa ya matsa da abin da bai kai kaurin gashi biyu ba.

Aikin yana da mataki uku. Da farko mutum zai zana abin da yake so a kwamfuta, da tsawonsa da fāɗinsa da zurfinsa. Sa'an nan zai gaya wa wata manhaja irin haƙorin da zai ɗaura, da saurin da yake so ya yi tafiya, da zurfin da zai ci a kowane zagaye, ita kuwa ta mai da zanen jerin umarni. Wannan jeri shi ake kira G-code, harshen da aka fara daidaita shi a Amurka tun shekarun 1960. Alal misali, G0 na nufin a ruga zuwa wuri kaza ba yanka, G1 na nufin a yanka a miƙe, G2 da G3 kuwa a yanka a lanƙwashe. Mataki na uku, wani ɗan allon lantarki zai karanta jerin layi-layi yana aika wa injunan takin da za su yi.

YADDA TA SAUKO GIDA

Wani malamin Jami'ar Duke mai suna Ted Hall yana da sha'awar ƙera ƙananan jiragen ruwa na katako. Da ya ga yankan lanƙwasassun falankai yana ba shi wuya, injin masana'anta kuma ba ya sayuwa, sai ya haɗa nasa. Daga nan ya kafa kamfanin ShopBot a garin Durham ta Jihar Karolina ta Arewa a 1996, yana sayar wa ƙananan kafintoci.

Amma abin da ya fi karya farashi shi ne ilimin da aka saki kyauta. A shekarun 1990 ma'aikatan hukumar ma'auni da fasaha ta gwamnatin Amurka, wadda ake kira NIST, suka rubuta wata manhajar sarrafa injuna mai suna EMC. Tun da da kuɗin jama'a aka yi aikin, sai ya zama kowa na da damar ɗauka. Masu sha'awa suka karɓe ta suka yi ta gyara, ita ce yau ake kira LinuxCNC. A 2005 waɗansu malamai a garin Ivrea na Italiya suka fito da ɗan allon lantarki mai araha da ake kira Arduino domin ɗalibansu. A 2009 kuma wani mutumin Norwe, Simen Svale Skogsrud, ya rubuta manhajar Grbl wadda ke sa wannan ɗan allo ya karanta G-code ya tuƙa na'ura, ya kuma bayar da ita kyauta. Da wannan aka sami ƙwaƙwalwar na'ura a kan kuɗin da ɗalibi ma zai iya biya.

Saura gangar jiki. A 2011 Edward Ford na Jihar Ilinoi ya nemi gudummawar jama'a domin ya fitar da na'urar da mutum zai haɗa da kansa a kan kimanin dala 300, ya sa mata suna Shapeoko, ya kuma bayyana zanenta ga kowa. A 2015 kamfanin Inventables na Shikago ya fito da X-Carve. A 2016 Bar Smith da Hannah Teagle suka gabatar da Maslow, wadda ake jingine ta kamar allon aji, inji yana rataye da sarƙa biyu, tana yanka cikakken fallen katako mai ƙafa 4 da ƙafa 8, kuɗinta kuwa bai kai dala 500 ba a lokacin. Masana'antun ƙasar Sin su ma suka cika kasuwa da 'yar ƙarama da ake kira 3018, domin filin aikinta santimita 30 ne da 18. Wannan ba ta da ƙarfin yin kayan ɗaki, amma da ita dubban mutane suka koyi aikin.

JAMA'AR MASU ƘERE-ƘERE

Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan na'urori da ta tsaya da ƙafarta ba tare da taimakon masu amfani da ita ba. Wanda ya gano dabara sai ya bayyana, wanda ya yi kuskure sai ya ba da labari domin na baya ya kiyaye. A 2005 Dale Dougherty ya fara buga mujallar Make, a 2006 kuma aka yi bikin baje kolin masu ƙere-ƙere na farko, Maker Faire, a San Mateo ta Kalifoniya. A MIT kuwa Farfesa Neil Gershenfeld ya assasa ɗakunan ƙira na jama'a da ake kira Fab Lab, inda ake tara irin waɗannan na'urori kowa ya zo ya koya. Ɗaya daga cikin na farko-farko a wajen Amurka an buɗe shi ne a makarantar koyon sana'a ta Takoradi a ƙasar Gana a 2004.

Amma fa kada a zaci tafiyar ba ta da tuntuɓe. Kamfanin TechShop, wanda ya fara a 2006 yana ba mutane hayar ɗakin aiki da injuna, ya karye a 2017 ya rufe dukkan rassansa na Amurka. A 2019 kamfanin da ke buga Make ya sallami ma'aikatansa saboda rashin kuɗi, ko da yake an farfaɗo da mujallar daga baya. Waɗanda suka sayi na'ura da niyyar sayar da allunan suna da kayan ado su ma da yawa sun tarar maƙwabtansu sun sayi irinta, kaya sun yi yawa, riba ta ragu.

SHIN WANNAN KAFINTA NE?

Yanzu sai mu koma ga gardamar. A 1968 wani malamin zanen kayan ɗaki a Kwalejin Fasaha ta Sarauta a Landan, David Pye, ya wallafa littafi inda ya kasa aikin hannu gida biyu. Akwai aikin da ke cikin kasada, wanda kowane sara zai iya ɓata shi, domin kyansa ya dogara ga ido da hannun mai yi. Akwai kuma aikin da aka riga aka tabbatar da sakamakonsa tun kafin a fara. Masu sukar CNC suna cewa ta kawar da kasada, wanda kuwa bai yi kasada ba bai yi sana'a ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban na'urar ya san ba haka abin yake ba. Kasadar tana nan, wurin zamanta ne kawai ya canja, ta tashi daga lokacin sara ta koma lokacin shiri. Na'ura ta san lambobi, amma ba ta san itace ba. Ba ta san cewa katako yana da jijiya, idan aka yanka ta inda bai dace ba sai bakinsa ya tsattsage. Ba ta san cewa falanki yana kumbura da damina ya tsuke da rani ta wajen fāɗinsa, tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi, saboda haka teburin da aka haɗa ba a bar masa wurin numfashi ba zai tsage. Idan aka sa haƙori ya yi tafiya a hankali ƙwarai sai ya yi zafi ya ƙona katako ya dakushe, idan aka sa ya yi sauri fiye da kima sai ya karye. Idan ba a ɗaure katakon da kyau ba sai ya zame aikin yini ya lalace. Har ila yau, tun da haƙorin zagayayye ne, ba zai iya fitar da kusurwar ciki mai kaifi ba, dole mutum ya gyara da hannu ko ya sauya zanen. Gogewa da haɗawa da shafa mai kuwa duk suna jiran hannu.

Ashe ke nan irin sanin da masassaƙinmu yake da shi, wanda ke sa ya zaɓi ƙirya idan zai yi turmi, ya kuma san lokacin da itace ya bushe ya isa aiki, shi ne dai ake bukata a garejin Ba'amurke. Wanda ya zo wa na'ura da wannan sani sai ta ninka masa aiki, ta yanka masa guda hamsin iri ɗaya. Wanda ya zo hannu rabbana kuwa sai ta ninka masa kuskure. Wani amfaninta da masu suka ba su cika ambata ba shi ne, tsofaffi da masu rauni a hannu waɗanda riƙe zarto ya gagare su sun sami hanyar ci gaba da abin da suke so.

HATSARINTA

Wajibi ne a ambaci wannan. Hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji tun 1995, musamman a cikin hanci. CNC kuwa tana iya yin awa da awa tana tayar da ƙura mai laushi a cikin rufaffen ɗaki. Don haka masu aikin suke haɗa ta da injin zuƙar ƙura, su rufe hanci da ido da kunne. Kuma ba a barinta tana aiki a tafi, domin haƙorin da ya maƙale yana iya kunna wuta a garin katako cikin ɗan lokaci.

ABIN LURA

Ɗalibin da ya karanta wannan zai ga cewa lissafin X da Y da yake ganin ba shi da amfani shi ne harshen da na'urar ke ji. Jami'in da ke da alhakin sayen kayan aiki wa makarantu kuwa zai ga cewa abin da ya kai CNC gidajen mutane shi ne malamai da ma'aikatan gwamnati da masu sha'awa da suka saki iliminsu, da kuma jama'ar da ke koyar da juna gyara. Inda aka sayi inji aka ajiye babu mai koyarwa, babu kayan gyara, babu tsayayyen lantarki, ƙura ce za ta rufe shi. Inda kuwa aka haɗa wanda ya san lissafi da wanda ya san itace a ɗaki guda, to ko 'yar ƙaramar na'ura ta isa a fara.