Haɗa Katin RAM Biyu a Kwamfuta

Tun 2015 a kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, don haka ba ma son injin da ɗalibanmu ke koyo da shi ya riƙa jan ƙafa. Sau da yawa akan ƙara katin RAM na biyu, amma sauri bai ƙaru ba. Me ya sa?

Mu a Babban Duhu mun san shanun huɗa: in ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, kunya ba ta miƙewa. Haka RAM yake. Katunan su zama iri ɗaya, girma ɗaya. DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4, kada mu tilasta shi.

In gurabe huɗu ne, galibi A2 da B2 ake sa wa, wato na biyu da na huɗu daga firosesa. In aka sa su a A1 da A2, hanya ɗaya za su bi maimakon biyu.

In allo ya ƙi kawowa, mu zare wayar wuta, mu taɓa ƙarfen akwatin, mu share ƙurar hunturu daga guraben, mu danna kati har maƙalli ya kama. Sai mu gwada su ɗaya bayan ɗaya, mai laifi zai fito. Mu yi wannan kafin mu kashe kuɗin mota zuwa Katsina.