Jiran Magariba a Chile

Shirinmu na musamman yau kan wata walƙiya ce da ke fitowa daga ƙuryar sama, da kuma mutanen da ke rige-rigen ganinta kafin ta ɗauke.

Tushen maganar a gurguje. A shekarun 1960 Amurka ta harba taurarin ɗan'adam masu suna Vela, su sa ido ko ana gwajin makaman nukiliya a ɓoye. Ranar 2 ga Yulin 1967 suka kama walƙiyar wani haske da ido ba ya gani, wanda masana ke kira gama. Ba bam ba ne, daga sama ta zo. Sai a 1973 aka buga labarin. Shekara shida! Alhali irin wannan walƙiya wata ba ta kai daƙiƙa biyu, wata ta yi 'yan mintuna ta mutu. Kafin a juya madubin hangen nesa wajen, babu ko alama.

A 1993 wani masanin hukumar NASA, Scott Barthelmy, ya haɗa tsarin da ke karɓar bayani daga tauraron ɗan'adam, ya lissafa daga wace kusurwa hasken ya fito, ya aika wa masu madubi cikin daƙiƙu. Shi ne yau ake kira GCN.

To, ku gyara zama, ga ranar da ta fi ɗaukar hankalina. Alhamis, 17 ga Agustan 2017, ƙarfe 1:41 na rana agogon Najeriya da Nijar. Na'urorin LIGO a Amurka suka ji sararin samaniya kansa ya girgiza. Ba a cika daƙiƙa biyu ba, tauraron ɗan'adam mai suna Fermi ya ga walƙiyar gama, nan take ya aika saƙo. Wasu matattun taurari biyu ne suka yi karo, irin masu tsananin nauyi da ake kira nutron. Amma a ina? Ɗaya daga na'urorin LIGO, ta Louisiana, wata ƙara ta gurɓata mata bayani daidai lokacin, sai da aka zauna aka tace. Bayan kimanin sa'a biyar, da aka haɗa da bayanan na'urar Virgo ta Italiya, taswira ta fito: wani yanki na sama mai faɗin cikakken wata wajen 150. Wata 150, jama'a, kuma ɗigo ɗaya ake nema a ciki.

Ga wata matsalar kuma. Yankin yana kusa da rana, ba ya ganuwa sai duhu ya fara, kuma cikin kamar sa'a guda ya faɗi. Duk wanda ya taɓa fita neman jinjirin watan azumi ya san wannan tsayuwar: fuska a yamma, lokaci kaɗan, wanda ya gani ya yi maza ya kai labari. A Chile, inda manyan madubai suke, rana tana tsaka. Haka aka zauna jiran magariba.

Ba a yi zaman banza ba. Ayarin Ryan Foley na Jami'ar California a Santa Cruz suka ce ba za su share yankin gaba ɗaya ba. Suka jera sunayen gungun taurarin da ke ciki, suka sa waɗanda suka fi zato a gaba. Madubinsu, Swope, a dutsen Las Campanas, faɗinsa mita ɗaya tak, tsoho ne tun 1971. A hoto na tara, Charlie Kilpatrick, ɗaya daga cikin ayarin, ya ga ɗigon da babu shi a tsofaffin hotuna, a gefen gungun NGC 4993, nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 130. Kusan sa'a 11 ke nan da girgizar. Ƙaramin madubi, ba ƙato ba.

Daga nan sai miƙe-miƙe. Dare ya bar Chile, Hawaii ta karɓa, sai Ostareliya, sai madubin SALT na Sutherland a Afirka ta Kudu. Ɗigon ya fara da shuɗi, cikin kwanaki ya koma ja, alamar cewa a irin wannan karo ake ƙera ƙarafa masu nauyi, dangin zinariya. Cibiyoyi wajen 70 suka sa hannu.

Akwai waɗanda ba a cika ambata ba, ni kuwa ina jinjina musu. A manyan madubai, masani kan nemi izini tun watanni kafin a ba shi dare ɗaya. Idan irin wannan saƙo ya shigo, ƙa'ida ta yarda a dakatar da aikinsa a juya madubin. Darensa ya tafi, ya haƙura.

Lokaci na hararar mu. A 2024 an harba Einstein Probe na Sin, da SVOM na Sin da Faransa, dukansu masu farautar irin wannan walƙiya. Cibiyar Rubin a Chile kuma an tsara ta ta riƙa fitar da saƙonni miliyoyi kowane dare, shi ya sa yanzu ake koya wa kwamfuta tankaɗe su kafin a tashi kowa daga barci.

Nan za mu dasa aya. A huta lafiya.